Kurakuran da aka fi yi wajen zana bishiyar nasabar naman kaza daga bayanan DNA

Idan damina ta zauna, daga Yuli zuwa Satumba, naman kaza kan fito a jikin suri da ruɓaɓɓen kututture da gefen juji a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, kuma a 'yan shekarun nan ɗalibai masu nazarin halittu sun fara tsintar sa domin a karanta DNA ɗinsa a zana bishiyar da ke nuna wane iri ne ɗan'uwan wane. Na duba ayyuka irin wannan da dama, kuma abin da ya fi damuna shi ne kwamfuta ba ta taɓa hana mutum bishiya. Duk abin da aka zuba mata, mai kyau ko gurɓatacce, za ta fitar da rassa masu ban sha'awa, saboda haka yawancin kurakurai suna aukuwa ne tun kafin a buɗe manhaja.

Na farko a gona ake yin sa. Ɗalibi ya tsinko naman kaza ya ƙulle a baƙar leda, ya hau babur cikin zafi zuwa gari, kafin gobe funfuna da ƙwayoyin cuta sun mamaye shi. Wani kuma sai ya shanya shi a kan kwanon rufi kamar kuɓewa, zafin ya farfasa DNA ɗin. Gyaran ba shi da tsada. A sa kowane samfuri a takardarsa daban, a tsaga shi da sabuwar reza a ɗebi ɗan tsoka daga ciki inda ƙasa ba ta taɓa ba, a jefa cikin silika mai shanye laima, sauran kuma a busar da shi a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba. Wannan yana da muhimmanci domin sinadaran share fage, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna yankin da za a kwafa a karanta, waɗanda aka fi amfani da su, ITS1F da ITS4, ba sa bambanta naman kaza da funfunar da ta hau shi. Na taɓa ganin samfurin da aka ciro daga suri, amma sakamakon ya dawo da sunan Aspergillus, funfunar da muke gani a jikin gyaɗa da masara. A irin wannan hali ITS4B kan taimaka, domin an tsara shi ne don ɓangaren da yawancin naman kaza mai laima yake.

Haɗe da wannan akwai sakacin rashin ajiye shaida. Jerin DNA wanda ba shi da busasshen samfuri mai lamba, da hoto, da bayanin wuri da rana da abin da ya tsiro a kansa, da launin ƙurar irinsa, ba wanda zai iya komawa ya tabbatar da shi.

Idan sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji, mutane da yawa sukan kwafe haruffan kawai ba su kalli zanen tsaunukan da injin ya fitar ba. Farko da ƙarshen jerin yawanci hayaniya ce, a datse su. Inda tsaunuka biyu suka hau juna tun daga farko har ƙarshe, alama ce ta halitta biyu a samfuri ɗaya, kuma gara a sake gwajin da a yi ta zaɓen haruffa da ka.

Kuskuren da ya fi kowane yaɗuwa, wanda kuma nake so a fi tsayawa a kansa, shi ne ɗaukar sunan da ya zo a sama a binciken BLAST, manhajar da ke nemo jerin da suka fi kama da na samfuri a rumbun GenBank, a maƙala wa samfurin. GenBank rumbu ne da kowa ke zuba nasa, kuma sunan da mai zubawa ya rubuta shi ke zama, ko daidai ne ko kuskure. Wani bincike da aka buga a 2006 ya kiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na jerin naman kaza da funfuna da danginsu da ke rumbun na iya kasancewa da sunan da ba nasu ba. Ga misali na kusa: jan naman kazan nan mai tauri da sheƙi da ke fitowa a gindin itatuwa, kusan duk wanda ya tsince shi yakan kira shi Ganoderma lucidum, alhali ainihin mai wannan suna daga Turai aka bayyana shi, har wanda ake nomawa a Sin domin magani an ba shi suna na daban, Ganoderma lingzhi, a 2012. Kama da wane ba ta wane. Mafita ita ce a nemi jerin da aka ciro daga samfurin asali wanda a kansa aka raɗa sunan, a duba waɗanda lambarsu ta fara da NR_ a rumbun NCBI, hukumar da ke riƙe da GenBank, a kuma gwada da UNITE, rumbun da masana ke tacewa, wanda cibiyarsa ke Tartu a Estoniya. Sannan a tuna cewa naman kazan yankinmu kaɗan ne aka taɓa karantawa. Idan kamancen ya tsaya a kashi 92 cikin 100, gaskiyar magana ita ce an san dangin ba a san irin ba, kuma rubuta Termitomyces sp., wato naman kazan suri wanda ba a tantance irinsa ba, ya fi mutunci a kan aron suna. Wataƙila ma sabon iri ne ke hannun ɗalibin, ya binne shi a ƙarƙashin sunan wani. Ban da haka, akwai haɗari ga rai: Chlorophyllum molybdites mai koren ƙurar iri yana jawo amai da gudawa mai tsanani, kuma yana kama da wasu da ake ci, don haka kada a dogara da BLAST kaɗai a ce wa mutanen gari abu ya ciwu.

Sai batun yankin DNA da aka zaɓa. Tun 2012 aka amince da yankin da ake kira ITS a matsayin tambarin gane irin naman kaza da funfuna, kuma ya dace da hakan domin yana saurin sauyawa. Wannan saurin ne kuma ke hana shi amfani idan dangantaka ta yi nisa, domin haruffan ba sa daidaituwa. Wanda ke son haɗa Termitomyces da Ganoderma da Agaricus a bishiya ɗaya yana buƙatar yankunan da ba sa saurin sauyawa, wato LSU, da RPB2 ko TEF1 idan hali ya yi. Daidaita jeri kamar daidaita sahu ne, kowane harafi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da takwaransa na asali ɗaya. Manhajar MAFFT na yin wannan aiki da kyau, amma dole a buɗe a duba da ido, domin jeri ɗaya da ya shiga a juye, ko mai doguwar jela da ba a datse ba, yakan fito a kan reshe mai tsawo wanda zai iya janyo wani dogon reshen su haɗu ba tare da wata nasaba ba.

Baren da ake kafa saiwar bishiya da shi ma ana yawan kuskure a kansa. Wasu ba sa sa shi sam, wasu kuma su ɗauko yis ko tsiro. Abin da ake so shi ne na kusa wanda ba ɗan gida ba, kamar Lyophyllum ga mai nazarin Termitomyces, tunda iyalinsu ɗaya.

Lambobin da ke kan gaɓoɓin rassa ba ado ba ne. Gwajin butistirap, wanda Joseph Felsenstein ya shigo da shi wannan fanni a 1985, yana sake ɗibar ginshiƙan jerin sau ɗaruruwa ya ga sau nawa reshe ke dawowa. An saba karɓar 70 zuwa sama a gwajin asali, amma a gwajin gaggawa na manhajar IQ-TREE sai 95, a manhajar MrBayes mai nata ma'aunin na daban kuma 0.95, kuma cakuɗa waɗannan ma'aunai kuskure ne da nake gani kullum. Reshe mai 48 bai tabbatar da komai ba, bai kamata a gina babi guda a kansa ba. Haka kuma kada a bar manhaja a kan zaɓin da ta zo da shi, a bari ModelFinder ko makamancinsa ya zaɓi tsarin sauyin haruffa da ya dace da bayanan.

Ko an zana bishiya daidai, ana iya karanta ta a karkace. Sunaye biyu da suka zauna kusa da juna a bakin takarda ba lalle ne su zama 'yan'uwa ba, kamar yadda zama a tabarma ɗaya a zaure ba ya nuna kaka ɗaya. Ana bin rassa ne a koma baya zuwa gaɓar da suka haɗu, kuma kowace gaɓa ana iya juya ta ba tare da ma'ana ta canza ba. Siffa ma takan yaudari ido: Podaxis, mai kama da kulki, wanda ke fitowa a busassun wurare da jikin suri, kuma ba ya buɗe laima, DNA ya nuna yana iyali ɗaya da Agaricus da ake nomawa ana sayarwa.

Idan aiki ya kammala, a shigar da jerin a GenBank tare da lambar samfuri, da sunan ƙaramar hukuma da jiha, da ranar tsinta, da abin da ya tsiro a kansa, kuma da sunan da bishiyar ta iya tabbatarwa kawai. Ɗalibin da zai tsinci irin wannan naman kaza baɗi a dajin Falgore ko fadamar Baturiya, jerin nan ne zai fara fito masa a BLAST, kuma sunan da aka rubuta a kai shi zai kwafa.