Rigar bazara: kurakuran da na gaji da gyarawa

Da zarar zafi ya kunno kai sai ƙannena da ƙawayensu su fara cika mini waya da hotuna. "Yaya, wannan za ta karɓe ni?" "Yaya, ina da ƙugu, in sayi mai tattara ko mai saukowa zar?" Ni kuwa kusan kullum tambaya ɗaya nake fara mayar musu, wadda babu mai son ji: da wane yadi aka yi ta? Yawanci shiru ke biyo baya, domin hoton kawai aka kalla.

Wannan kuskure na taɓa biyan kuɗinsa da fatata, shi ya sa nake zafi a kansa. Akwai wata doguwar riga ruwan ƙwai da na saya don taron yaye ɗalibai. Na shafa ta a hannu na ji auduga ce mai laushi, ɗinkin ya zauna mini daram, ban ko juya cikinta ba. Ashe shafin da aka yi mata daga ƙirji har gwiwa polista ne zalla. Awa uku muka yi a zaune a waje. Tun kafin a gama jawabin farko na ji gumi na gangarowa ta tsakiyar bayana, shafin ya manne mini a cinya kamar an liƙa leda. Da na miƙe sai da na sa hannu biyu na ɓamɓare rigar daga jikina a gaban mutane. Washegari ƙurajen zafi suka feso mini a ƙarƙashin ƙirji da hammata, na yi mako guda ina susa. Rigar ta yi kyau a hoto, ban musa ba, amma ban sake sa ta ba sai da tela ya farke shafin ya sa na auduga.

Dalilin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, kuma ba ya bushewa sai yadi ya tsotse shi ya bar iska ta ratsa. Polista daga man fetur ake samo shi, danshin da zarensa ke sha bai kai kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa ba. Auduga tana shan wajen kashi 8, lilin kuwa ya fi ta. Saboda haka komai iya yankan riga, in abin da ke taɓa fatarki polista ne mai saƙa a matse, cikin leda kike. Abin da nake yi yanzu, kafin in duba madubi ina juya rigar in nemi ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gefen ciki, in karanta na waje da na shafi, don sukan bambanta. In babu rubutu sai in kara yadin a baki in hura. In ban ji iskar a tafin hannuna ba, na ajiye ta ke nan. Lilin yana yamutsewa tun kafin ki fita ƙofa, ni na daina damuwa da wannan, na fi son yamutsattsiyar riga da jiƙaƙƙen baya. Yadin rayon yana da sanyi, yana kuma bin jiki da kyau, sai dai yana tsukewa a wanki kuma zarensa na rauni in ya jiƙe, don haka ruwan sanyi, ba murɗawa.

Na biyu shi ne bautar lamba. Haba 'yan mata! Lambar da ke wuyan riga ba sakamakon jarrabawa ba ce. Abin da Amurka ke kira 8, Ingila 12 take kiransa, a yawancin ƙasashen Turai kuma 40 ne, sannan ko a ƙasa ɗaya kowane kamfani da nasa awon. Amma sai ki ga mace ta matse kanta cikin 12 don kada a ce ta kai 14, zif na neman ɓallewa, maɓallan ƙirji sun buɗe baki. A lokacin sanyi wataƙila ki jure, a zafi kuwa jiki yakan ɗan kumbura da yamma, abin da ya shige ki da safe zai shaƙe ki bayan la'asar. Ni ma ba a bar ni a baya ba: shekara uku wata shuɗiyar riga ta yi a rataye tana jiran ranar da zan rame, har launin kafaɗarta ya koɗe, ban sa ta ko sau ɗaya ba. Wadda za ki saya don jikin da ba ki da shi, kyauta kika saya wa wata.

Ɗaya gefen kuma masu ɓuya ne. Mai jiki ta ji kunyar tumbi sai ta shige cikin buhu, tana zaton ta rufa wa kanta asiri. Riga mara siffa daga inda kika fi faɗi take saukowa, sai ta mayar da ke gaba ɗaya faɗin wurin, daga sama har ƙasa. Maganin duka biyun ɗaya ne a wurina. Ki sami tef ki auna faɗin kafaɗa, ƙirji, inda cikinki ya fi tsukewa, da inda mazaunai suka fi cika, ki rubuta a waya. Ki sayi rigar da ta ishi wurin da ya fi girma, da rarar kamar santimita 5 in yadin ba mai miƙewa ba ne, sauran ki kai wa tela ya rage. Ragewa aikin minti kaɗan ne, ƙari kuwa sai in an bar yadi a cikin ɗinki, kuma ba kasafai ake bari ba.

Sai bayan waɗannan nake yarda a yi maganar siffar jiki, ita ma ba na ɗaukarta kamar doka. Wadda ƙasanta ya fi samanta faɗi, kuskurenta tattara mai yawa a daidai ƙugu da manyan aljihuna a gefe, suna ƙara mata abin da take da shi. Yankan da ya kama sama ya buɗe a hankali zuwa ƙasa kamar harafin A, wanda mai tsara tufafi Christian Dior ya fito da sunansa a 1955, shi ya fi yi mata adalci, iska ma na shiga ta ƙasa. Mai faɗin kafaɗa ta rabu da hannu mai kumburi da wuya mai faɗi daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ta nemi wuya mai siffar V, ta bar adon ya koma ƙasan rigar. Mai cikar ƙirji ta guji wuyan da ya haɗe har maƙogwaro, yana mayar da ƙirjin dunƙule ɗaya. Rigar naɗi mai ɗauri a gefe, irin wadda mai tsara tufafi Diane von Furstenberg ta yi suna da ita a 1974, ita nake ba ta shawara, don ke ce mai iko da matsinta, sai dai ki sa ɗan fil a inda ɓangarorin suka haɗu.

Mai tumbi ana yawan ce mata ta sa riga mai ɗinki a ƙarƙashin ƙirji. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. In an cika tattara a gaban, ko kuma ƙirjin ma babba ne, kafin ki zauna wata za ta tambaye ki wata nawa. An yi mini, kuma ban ji daɗi ba. Gaban ya sauko sumul, tattarar ta koma gefe ko baya. Wadda kuma jikinta ya miƙe ba lanƙwasa, siririn bel ya ishe ta, kada ta ɗaura mai faɗi a zafi, gumi yake tarawa.

Zancen cewa ratsin kwance yana ƙara ƙiba, na daina yi wa kowa wa'azinsa. Tun 1867 masanin nan na Jamus, Helmholtz, ya nuna cewa murabba'i mai ratsin kwance ya fi kama da dogo a ido fiye da mai ratsin tsaye. Ni abin da na lura shi ne ratsin da ya miƙe ya karkace a kan wurin da riga ta matse, shi ke tona asiri, ko ta ina ya nufa.

Sauran ƙanana ne. Kada kalmasa ta tsaya a inda sha-raɓarki ta fi kauri, sai dai ta tsaya sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, musamman in ke gajera ce. Ruwan toka ya fi kowane launi nuna gumi, yadi mai zane-zane kuma ya fi kowanne ɓoye shi. Farar riga ba ta son farin kamfai, mai launin fatarki za ki sa. Sabuwar auduga a wanke ta kafin a kai wa tela, in ba haka ba za ta tsuke bayan an rage.

Kuma don Allah ku daina gwada riga a tsaye ƙiƙam gaban madubi kuna riƙe numfashi. Ki zauna a kujera ki ga inda ta tsaya a cinya, ki ɗaga hannu biyu sama, ki sunkuya kamar za ki ɗauki abu a ƙasa. Sannan ki tsaya a bakin taga rana na bayanki, ki sa wata ta duba miki. Fitilar ɗakin gwaji ba ta nuna yadi mai shara-shara, ƙanwata sai da ta fita tsakar rana ta ga inuwar ƙafafunta a gilashin wata mota kafin ta yarda da ni.