Yadda Ake Tantance Hujjojin Tarihi Kan Asalin Kiristanci

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ya tsaya gaban tsofaffin kayan da aka ajiye a can ya san cewa abin tarihi ba ya magana da bakinsa, sai an yi masa tambaya. Haka lamarin yake ga ɗalibin da ke son bincikar farkon addinin Kirista, musamman a wannan zamani da bidiyo ke yawo a WhatsApp ana cewa an tono kaza ko an gano kaza.

Abu na farko shi ne ka tambayi inda aka samo abin da kuma wanda ya tono shi. A 1961 masu haƙa daga Italiya suka gano wani dutse a Kaisariya, a gaɓar tekun Bahar Rum, ɗauke da rubutun Latin mai ambaton Bilatus Babunti, wanda Linjila ta ce a gabansa aka gurfanar da Yesu, a matsayin mai mulkin Yahudiya. Darajar wannan dutse ita ce an same shi a wurin haƙa da aka sani. Amma akwatin ƙasusuwan da ya bayyana a 2002, mai rubutun "Yakubu ɗan Yusufu ɗan'uwan Yesu", daga hannun mai tara kayan tarihi ya fito, kuma har yau masana na jayayya a kansa. Mu Kanawa ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida, domin malamanmu na hadisi sukan duba isnadi kafin su karɓi matani.

Bayan haka sai ka auna tazarar da ke tsakanin marubuci da abin da yake ba da labari. Wasiƙun Bulus, ɗaya daga cikin masu wa'azin Kiristanci na farko, su ne mafi tsufa cikin rubuce-rubucen Kirista, tun daga wajen shekara ta 50 miladiyya, kuma wani rubutu da aka samu a Delfi ta ƙasar Girka ya nuna cewa Galiyo, wanda aka gurfanar da Bulus a gabansa a Koranti, ya yi mulki a tsakanin 51 da 52, abin da ya taimaka wajen sanin zamanin Bulus.

Sannan ka nemi shaidar waɗanda ba mabiya ba ne, kuma a ganina nan ya fi cancanta a daɗe. Tasitus, marubucin tarihi ɗan Rum wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya rubuta wajen 116 cewa Neron, sarkin Rum, ya ɗora musu laifin gobarar Rum ta 64, ya kuma danganta asalinsu da Yahudiya a zamanin Bilatus. Yusufus, marubucin tarihi Bayahude, ya ambaci Yesu sau biyu wajen 93, sai dai mafi yawan masana sun yarda cewa masu kwafi sun yi ƙari a ambato na farko, don haka na biyun, wanda ya shafi kisan Yakubu ɗan'uwan Yesu a 62, ya fi ƙarfi.

Kada kuma ka sa wa hujja maganar da ba ta faɗa ba. Littattafan Tekun Gishiri, wato tsofaffin rubuce-rubucen da aka fara ganowa a kogunan duwatsu kusa da wannan teku a 1947, na Yahudawa ne, ba su ambaci Yesu ba. Abin da ya shafi matsayin Annabi Isa, Alaihis Salam, inda Musulmi da Kirista suka saɓa, al'amari ne na aƙida wanda shebur ba ya tono shi. Abin da haƙa ke iya nunawa shi ne irin gidan nan na Dura-Yurobos a Siriya, wanda aka mayar wurin ibada kafin 256, da kwarmin baftisma da zane-zane a bangonsa.