Babi na Bakwai: Riƙe Sana'ar Daɓen Tayil ta Iyali Lokacin da Kasuwa ta Yi Sanyi

Wannan babi na masu sana'ar daɓe ne, wato masu shimfiɗa tayil, ko katako, ko ledar ƙasa, musamman waɗanda uba da 'ya'ya ko wa da ƙane suke yin aikin tare. Ku ɗauko littafin rubutu da fensir da tef ɗin awo. Wanda bai gama gane haruffa ba kada ya ji kunya, ya zauna kusa da wanda ya gane. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Idan tattalin arziki ya karye, gini ne ke fara tsayawa, mai daɓe kuwa shi ne kusan na ƙarshe da ake kira a wurin gini. A Amurka an fara ginin sababbin gidaje sama da miliyan 2 a shekarar 2005, amma a 2009, bayan karayar da ta auku a 2008, ba su kai 600,000 ba. Ku duba yawan ɗakunan da ba a daɓe ba. Irin wannan lokaci yana zuwa wa kowace ƙasa, kuma a cikinsa ƙaramin kuskuren lissafi ya isa ya rufe shago.

Darasi na 1: Auna ɗaki

Ka ja tef daga bango zuwa bango ta ɓangaren da ya fi tsawo. Wannan shi ne tsawo. Ka rubuta shi nan take, kada ka riƙe a ka. Sai ka ja ta ɗaya ɓangaren. Wannan shi ne faɗi. Shi ma ka rubuta.

A ce tsawo mita 5 ne, faɗi mita 4. Za ka rubuta 5 x 4 = 20. Wannan alama mai kama da sanduna biyu da aka gitta sunanta "sau". Ba "tara" ba ce. Da yawa sukan ce 9, domin sun tara 5 da 4. A'a. Biyar sau huɗu, ashirin. Ɗakin murabba'in mita 20 ne, wato fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya har guda ashirin.

Tayil yana fashewa, kuma ana yanka shi a gefen bango. Saboda haka a kowane goma ka ƙara ɗaya. A 20 za ka ƙara 2, ya zama 22. Idan a karkace za a jera tayil ɗin, yanka ya fi yawa, sai ka ƙara 3 a maimakon 2. Tayil mai santimita 50 tsawo da 50 faɗi, guda 4 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka 22 x 4 = 88. Mai santimita 60 kuma, ka duba jikin kwalin, sau da yawa za ka ga an rubuta 1.44, wato iyakar filin da kwali ɗaya zai rufe ke nan. Ɗakinmu zai ci kwali 16. A jikin kwalin akwai lambar gashi, wato ta tayil ɗin da aka gasa tare, da ta launi. Ka tabbata duk kwalayen lambarsu ɗaya ce, domin idan ka dawo neman ciko daga baya, launin na iya bambanta, mai aiki kuma ba zai yafe ba.

Darasi na 2: Kuɗin kafin alƙalami

A nan za mu daɗe. A nan na ga mutane masu hannu, waɗanda daɓensu ba ya da makusa, suna faɗuwa.

Wanda ya ba ka aiki za mu riƙa kiransa "mai aiki". Kuɗin da ya fara ba ka kafin ka taɓa komai su ne kafin alƙalami. Ku saurara da kyau: waɗannan kuɗi ba naka ba ne. Suna aljihunka, amma na mai aiki ne, ya ba ka ne ka sayo masa tayil da siminti da yashi. Amana ce.

Buɗe littafinka. Ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, shafin zai rabu gida huɗu. A saman gidan farko rubuta RANA. Na biyu, BAYANI. Na uku, SHIGA. Na huɗu, FITA. Kuɗin da suka zo hannunka suna zuwa ƙarƙashin SHIGA. Waɗanda suka bar hannunka suna zuwa ƙarƙashin FITA. Ranar da aka ba ka kafin alƙalami, ka rubuta shi a SHIGA, sa'an nan a gidan BAYANI ka rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: AMANA. Haruffa biyar ne kawai, A, M, A, N, A. Uku daga cikinsu ma harafi ɗaya ne. Kowa ya rubuta sau biyar yanzu. Madalla. Wanda M ɗinsa ta karkace ba laifi, za ta miƙe, muddin dai kai kana iya karanta ta.

Mu yi misali. Ba za mu kira sunan kowane kuɗi ba, mu ɗauka dai aikin gaba ɗaya 100 ne. Kayan aiki za su ci 60. Leburori 20. Kuɗin mota 5. Abin da ya rage 15, shi ne ribarka. Mai aiki ya ba ka 70 kafin alƙalami. Nawa ne naka a cikin 70 ɗin nan yau? Ba ko ɗaya. Na sake tambaya: nawa ne naka? Ba ko ɗaya. Ribarka tana cikin cikon da za a ba ka bayan ka gama, ka wanke ɗakin, mai aiki ya taka ya ce ya yi.

Ga abin da ke faruwa idan an manta. Ka shigo gida da 70. Akwai kuɗin makarantar yara, akwai bashin da aka biyo ka. Ka ce bari in zari 20, zan mayar idan an ba ni ciko. Saura 50. Ka jinkirta sayen kaya mako biyu. A lokacin matsi farashi ba ya jiran kowa, kayan 60 sun koma 66. Kana da 50, ana neman 66. Giɓin 16 ne, ya ma fi ribar da ka sa rai da ita tun farko. Daga nan sai ka karɓi kafin alƙalamin wani mai aikin ka toshe wannan rami, na biyun kuma ya jira na uku. Ranar da na uku bai zo ba, ranar ce asiri ke tonuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ba kai kaɗai za ka ji kunya ba, sunan gidanku ne a jikin sana'ar.

To, mene ne abin yi? An ba ka kuɗi, ka rubuta AMANA. Ka sayo kaya ranar, ko washegari da safe. Ka karɓi rasit. Ka rubuta abin da ka kashe a FITA. Ka kai kayan gidan mai aiki ya gani da idonsa. Mu maimaita tare: a karɓa, a rubuta AMANA, a sayo kaya, a rubuta FITA. Har ila yau: a karɓa, a rubuta AMANA, a sayo kaya, a rubuta FITA.

Na duba littattafanku a makon jiya. Fiye da rabi an rubuta kuɗin, amma gidan BAYANI fayau yake. Iyayena da yayyena, wannan bai yi ba. Kuna iya durƙuso wuni guda kuna daidaita tayil har ba a ganin bambancin gashi guda, amma haruffa biyar su gagare ku? Ba gagara ba ce, raini ne, kuna ganin ƙaramin abu ne. Wani ya ce mini shi ai yana riƙewa a zuciya. Zuciyar da ke tunanin cefane da haya da rashin lafiyar yaro ba za ta riƙe maka lissafin mutum uku ba. Ka rubuta. Idan hannunka na da siminti, ka wanke ka rubuta. Idan dare ya yi, ka haska fitila ka rubuta. Kada kuɗin mai aiki su kwana a hannunka ba tare da AMANA a gefensu ba.

Darasi na 3: 'Yan gida da akwatin shago

Sana'ar iyali tana da daɗi, domin idan aiki ya yi ƙaranci ɗanka ko ƙanenka zai yi haƙurin da bare ba zai yi ba. Amma tana da cuta guda: kowa yana ganin yana da iko ya sa hannu a akwati.

Ku zauna ku yanka wa kowa abin da zai riƙa ɗauka a mako, har da kai mai shago. Idan kasuwa ta yi sanyi, a rage na kowa, a fara da naka, kuma a faɗa a gaban kowa. Mutum ɗaya ne zai riƙe littafi, kuma ba lalle sai babba ba. Idan 'yarka ko matarka ta fi kowa iya rubutu, a ba ta. Duk wanda ya ɗauki wani abu, ko kai ne, sai an rubuta a FITA da sunansa.

Idan ƙanenka ya zo da buƙata ta gaggawa alhali kuɗin da ke akwati na kafin alƙalami ne, ba sai ka yi dogon bayani ba. Buɗe masa littafi, ka nuna masa kalmar. Amfaninta ke nan. Amma idan ba ka rubuta ta ba, me za ka nuna? Ka ga mun sake dawowa kan Darasi na 2.

Darasi na 4: Farashi da bashi

Idan ka ba mai aiki lissafi, ka rubuta ranar a sama, ka rubuta a ƙasa cewa wannan farashi na kwana bakwai ne. Bayan kwana bakwai sai an sake lissafi. Ka raba kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, don idan kaya sun tashi ya san ba kai ka ƙara ba.

Za a matsa maka ka rage. Kana iya ragewa daga ribarka, amma kada ka rage siminti, kada ka tsallake gyaran ƙasa. Tayil ɗin da aka ɗora a kan ƙasa mai rami zai yi ƙarar ƙwarya idan an ƙwanƙwasa, daga baya ya fashe, kai za a kira ka gyara kyauta. Aikin da lissafi ya nuna babu riba a cikinsa, ka bar shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada ka sayo kaya da kuɗinka ga wanda bai ba da kafin alƙalami ba.

Darasi na 5: Ƙananan ayyuka

Sabon gini ya tsaya, amma tayil bai daina fashewa a tsofaffin gidaje ba. Ka karɓi gyaran banɗaki da na kicin, ko da tayil biyar ne. Ka kira waɗanda ka taɓa yi wa aiki ka gaishe su. Ragowar tayil a adana, a rubuta lambarsa.

Darasi na 6: Kayan aiki

A wanke su kullum bayan tashi. Kada a sayi sabon injin yanka da bashi a wannan lokaci, a yi haya.

Aikin gida

Ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5, tayil mai santimita 50 guda nawa zai ci, har da ƙari? Sa'an nan ka ja layukan shafi ɗaya, ka shigar da kafin alƙalami na 70, ka cika gidan BAYANI. Gidan BAYANI zan fara dubawa.