Ku daina ƙure wa tsohuwar TV kala

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya, mutum ya samu tsohuwar Sharp ko Sony mai ƙaton baya, ya ɗau rimot ya ƙure kala har ƙarshe wai don hoto ya fito. Sai ka ga fuskar mai karanta labarai kamar an shafa mata manja, jan rigar ɗan ƙwallo yana malala ya wuce jikinsa, shi kuma gogan naka sai murna yake.

Ni dai ga yadda nake yi. Ina barinta ta yi kamar minti 20 a kunne ta ɗau zafi, sai in mayar da kala sifili hoto ya koma baƙi da fari. A haka nake saita inda aka rubuta Brightness da Contrast, har baƙi ya zama baƙi sosai amma ana ganin ninkin baƙar riga. Sannan in dinga ɗago kala a hankali ina kallon fatar mutum, ba ciyawar fili ba, ciyawa yaudara ce. Da fata ta yi daidai sai in tsaya.

In kala ta ɗauke gaba ɗaya duba tsarin kalar da aka saita TV ɗin a kai, na Najeriya sunansa PAL, wata TV an barta a NTSC ko SECAM na wasu ƙasashe. Duba wayar AV mai ruwan ɗorawa ma, wato wadda ke kawo hoto.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne masu buɗe baya. Wani yaro na bar wa tawa ya duba, sai ya sa sukundireba ya murɗa maɓallin SCREEN na jikin fulaibak, wato taransifomar da ke ba gilashin TV babbar wuta, wai zai ƙaro kala. Me ya haɗa shi da kala? Hoto ya yi fari fat, ga layuka a karkace sun cika gilashi, sai da na biya wani ya dawo min da ita. Kuma wurin nan akwai wuta wajen bolt 25,000, ko an cire soket kwalbar gilashin TV ɗin tana riƙe da caji. Don Allah in ba aikinka bane ka bar bayan nan a rufe.

Sai tabon shunayya ko kore a kusurwa, wannan ba rimot zai gyara ba, maganaɗisun sifikar da ka jingina mata ne. Janye sifikar, kashe TV daga soket kamar minti 30 ka sake kunnawa, wannan ƙarar "dum" da take yi alama ce tana goge tabon. In bai tafi ba ka maimaita.