Abin da za ka yi idan giwa ta tare maka hanya a gandun daji

A gandun daji irin su Kruger na Afirka ta Kudu, baƙo kan tuƙa motarsa da kansa, kuma giwa ba ta san wani abu wai shi titi ba.

1. Tsaya tun daga nesa, kamar mita 50. Ka tabbata bayanka a buɗe yake don ka samu wurin ja da baya.

2. Kada ka danna hon, kada ka taka totur, kada kowa ya leƙo ta taga. Fita daga mota kam ko a mafarki.

3. Karanci jikinta, nan ne aikin yake. Giwar da ke kaɗa kunne a hankali tana cin ganye, fifita kawai take yi saboda zafi. Amma idan ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, ta girgiza kai ƙura na tashi, gargaɗi take maka. Toron da ruwa ke zubo masa a gefen fuska, fitsari yana ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin kai. Shi na fi tsoro, domin babban toro kan kai tan 6.

4. Duba ko akwai jariri. Kada motarka ta taɓa shiga tsakanin uwa da ɗanta.

5. In ta nufo ka, ja da baya sannu a hankali.

6. Jira garken ya gama ƙetarewa, ka ƙara ɗan jinkiri, don sau da yawa akwai wata a baya cikin duhuwa.