Kurakuran da aka fi yi da manhajojin tsara kod a Android da iOS

Yawancin rigimar da ake samu da manhajojin da ke daidaita tsarin rubutun kod da kansu, kamar ktlint (ta yaren Kotlin a Android), SwiftFormat (ta yaren Swift a iOS) da ire-irensu, tana tasowa ne daga abu ɗaya: an bar manhaja biyu suna iko da fayil guda, kowace da dokarta.

A ɓangaren Swift, SwiftFormat tana ƙara waƙafi bayan abu na ƙarshe a jerin da ya sauka layi-layi, ita kuwa SwiftLint, manhajar da ke duba kod tana gargaɗi, da saitinta na asali, tana ƙorafi a kan wannan waƙafin. Ka gyara, gargaɗi ya fito. Ka cire, a mayar maka. Maganin shi ne a sa `mandatory_comma: true` ƙarƙashin `trailing_comma` a cikin `.swiftlint.yml`, ko a kashe dokar a can. Tsarin rubutu aikin mai tsarawa ne, a bar wa SwiftLint farautar kurakurai. Sannan kada a rikita SwiftFormat da swift-format na Apple, wanda ya zo cikin Xcode 16 (Xcode shi ne editan kod na Apple). Ta farko tana karanta `.swiftformat` kuma tana tura layi da tazara 4, na biyun yana karanta `.swift-format` da tazara 2. Idan rabin ma'aikata na kan wannan, rabi na kan waccan, ko'ina a kod ɗin zai yi ta canzawa ba gaira ba dalili.

A Android, faɗan tsakanin ktlint ne da editan kod na Android, wato Android Studio. Tun siga ta 1.0, salon da ktlint ke bi kai tsaye shi ne `ktlint_official`, wanda bai yi daidai da abin da editan ke yi ba. A rubuta `ktlint_code_style = android_studio` a `.editorconfig`. Editan kuma yakan dunƙule `import` masu yawa zuwa alamar tauraro, ktlint ta ƙi. A ɗaga `ij_kotlin_name_count_to_use_star_import` zuwa 2147483647. Masu amfani da Compose, kayan gina fuskar manhaja a Android, su ƙara `ktlint_function_naming_ignore_when_annotated_with = Composable`, in ba haka ba kowane sunan `function` na Compose mai farawa da babban harafi zai zama laifi.

Rashin tsayar da siga ya fi waɗannan duka ɓata lokaci. Wani ya girka mai tsarawa ta Homebrew (manhajar girka kayan aiki a Mac) bara, wani jiya, sabar gwaji, wadda ke duba kod ɗin kowa da kanta, kuma na ɗauko sabuwa kullum. Sai kod ya wuce a kwamfutarka, ya faɗi a can. A rubuta lambar sigar a Gradle, mai gina manhajar Android, ko a `Package.swift` a ɓangaren Swift, kowa ya ɗauko daga nan. SwiftFormat kuma a gaya mata sigar Swift ta `--swiftversion`, don wasu dokokinta ba sa aiki sai ta san ta.

Sa mai tsarawa cikin matakan gina manhaja a Xcode dabara ce da ba mu ba da shawararta. Tana sauya fayil a bayan idon editan, tarihin komawa baya ya ɓace. A sabbin ayyuka tun Xcode 15 ma `ENABLE_USER_SCRIPT_SANDBOXING` na hana ta taɓa fayilolin, a Mac masu Apple Silicon kuma Xcode ba ya ganin `/opt/homebrew/bin` sai an nuna masa. Gara a gudanar da mai tsarawar kafin `commit`, wato ajiye canji a tarihin kod na Git, sabar gwaji kuma ta duba kawai, kada ta gyara.

Ranar da za a tsara tsohon aiki gaba ɗaya, a fara haɗe rassan Git da ke buɗe, a yi tsarin a `commit` nasa shi kaɗai, babu gyaran komai a ciki. A sa lambarsa a `.git-blame-ignore-revs`, wanda GitHub ke ganewa, Git kuma ke karanta shi tun siga ta 2.23 idan an saita `blame.ignoreRevsFile`. Ba tare da haka ba, `git blame`, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, zai ɗora layukan da aka tsara duka a wuyan wanda ya gudanar da tsarin. Wanda ba ya son girgiza aikin lokaci guda, Spotless, mai gudanar da manhajojin tsarawa ta Gradle, na da `ratchetFrom`, wanda ke taɓa fayilolin da aka canza kaɗai. A kowane hali a ware `build/generated` da `Pods`, tunda ba hannunku ya rubuta su ba.