Yadda Ake Bibiyar Ƙudirin Doka a Majalisar Tarayya Har Ka Sa Baki a Cikinsa

Yawancinmu ba ma jin labarin doka sai ranar da shugaban ƙasa ya rattaba mata hannu, alhali a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Duk mai son a ji ta bakinsa, ɗan kasuwa ne ko shugaban ƙungiyar manoma, wajibi ne ya san matakan da ƙudiri yake bi da kuma inda aka bar wa jama'a ƙofa.

Da farko ka nemi lambar ƙudirin. Majalisar Tarayyar Najeriya zaure biyu ce: Majalisar Dattawa mai sanatoci 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, da Majalisar Wakilai mai mambobi 360. Ƙudirin da ya faro daga dattawa lambarsa tana farawa da SB, na wakilai kuma da HB. Da wannan lamba za ka nemi kwafinsa a shafin intanet na majalisar ko a ofishin ɗan majalisar mazaɓarka, ka karanta shi da kanka maimakon dogaro da jita-jita.

Karatu na farko ba a muhawara a cikinsa, akawun majalisa ne kawai yake karanta sunan ƙudirin. A karatu na biyu ne wanda ya kawo shi zai miƙe ya bayyana manufarsa, a tafka muhawara, sannan shugaban zaman ya nemi masu goyon baya da masu adawa su ɗaga murya, ya buga guduma a kan ɓangaren da ya rinjaya. A ranar ka rubuta sunan kwamitin da aka miƙa wa ƙudirin, domin nan ne aikinka yake.

Kwamiti yakan shirya zaman jin ra'ayin jama'a, yana sanar da rana da wuri a jaridu. Ka rubuta takardar matsayarka da Turanci, tunda da shi ake gudanar da aikin, ko da yake sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya amince da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadi. Kada ka cika ta da ƙorafi. Ka ambaci lambar sakin layin ƙudirin da yake damunka, ka nuna yadda zai shafi sana'arka, kana ka rubuta ainihin kalmomin da kake so a musanya su da shi. A ganina, shafi biyu masu irin wannan tsari sun fi shafi ashirin na kuka tasiri, saboda ma'aikatan kwamiti abin da za su iya ɗauka su saka kai tsaye suke nema. Ka kai wa akawun kwamitin kafin wa'adi, ka karɓi shaidar cewa ta shiga, kuma idan da hali ka halarci zaman tare da ƙungiyarku.

Bayan kwamiti ya gabatar da rahoto, zauren zai bi ƙudirin saki-saki, a yi karatu na uku, a aika wa ɗaya zauren. In an sami saɓani, sai a kafa kwamitin daidaitawa na ɓangarorin biyu. Da zarar zaurukan biyu sun amince an miƙa wa shugaban ƙasa, sashe na 58 na kundin tsarin mulkin ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi; idan ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowane zaure zai iya mayar da ƙudirin doka, kamar yadda aka yi wa dokar hukumar raya yankin Neja Delta a shekarar 2000.

Ka kuma riƙa lissafa wa'adin majalisar, domin ƙudirin da bai kammala ba cikin shekaru huɗun nata yakan mutu, sai sabuwar majalisa ta sake gabatar da shi. Hakan na cikin abin da ya sa ƙudirin dokar man fetur, wanda aka fara kai wa majalisa a 2008, bai zama doka ba sai a watan Agustan 2021.